Ruwan rijiyar gabas

Shekarun baya, da damina, na ɗauko mahaifiyata daga Madawa zan mai da ita ƙauyensu, can gaba da Garhanga. Lokotoron asibiti ya ce mu tafi gida, babu sauran abin da zai yi. Ita ma abin da take so ke nan, ta mutu inda aka haife ta.

Ni dakon albasa nake yi, ban san ɗaukar marar lafiya ba. Na sa ta bayan wata mota kat-kat kamar buhu, na zauna na riƙe kanta.

Abinci ta daina ci. Amma a Adar, duk inda baƙo ya sauka, ruwa ake fara miƙa masa kafin gaisuwa, kuma wannan ba ta ƙi. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta faɗi inda muke. A rumfar wani mai shayi ta ce: "Har yanzu ƙasar Madawa ce." A Buza wata mai hura ta kawo mata a ƙwarya, ta ce: "Dutsi gare shi. Mu tahi."

Daga nan sai tudu, duwatsu da ƙaya, da awaki jefi-jefi. Bayan azahar muka iske ƙorama ta kawo. Inda muke ko ɗigo bai sauka ba, can bisa tuddai aka yi ruwan. Mutanen wurin sun kafa sanda a bakin ruwa. Sai ruwa ya janye ya bar sandar a sarari mota ke shiga. Direba ya kashe mota.

Na ce masa: "Tsohuwa ba ta kai gobe."

Ya ce: "In na shiga, mu duka ba mu kaiwa."

Muka kwantar da ita ƙarƙashin wata adua. Numfashinta ya yi ƙasa. Tana ta tambaya ko mun iso. Direba ya ji tausayi, ya tsiyayo ruwan bidonsa, wato jarkarsa, a kofi, ya durƙusa.

"Inna, ga ruwan garinku, yanzu anka kawo."

Ta kurɓa, ta tofar.

"Ɗan nan, na tashar Madawa ne. Har warin bido shi kai."

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Akwai wani makiyayi da raƙumi yana tsaye yana jin mu. Ya tambayi sunan ƙauyen, na faɗa. Ya hau, ya bi gefen ƙorama zuwa inda ta yi faɗi, ya ƙetare. Na ɗauka tafiyarsa ya yi. Rana ta yi sanyi sai ga shi da salka, wandonsa duk laka.

Na zuba ruwan a ƙwarya, na ɗaga kanta, ta kurɓa. Ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Rijiyar gabas," ta ce. "Mun iso."

Ta shanye ƙwaryar, ta nemi hura. Makiyayin ko zama bai yi ba, ya kama hanyarsa. Kafin magariba sanda ta fito, muka wuce.

Ba ta mutu ba. Ta ƙara ganin damina da dama, tana faɗa da ni kan yadda na jibge ta cikin mota. Ban ce ruwa ne ya warkar da ita ba. Ban sani ba. Lokacinta ne bai yi ba.

Yanzu ta rasu. Na koma dako, na zaga garuruwa. Duk inda aka miƙo mini ruwa, nakan juya shi a baki yadda take yi. Duk ɗaya nake ji. Ranar da tawa ta zo, na leda ma aka ba ni aka ce na gida ne, zan yarda.