Doyar da Ta Cika Damno

Yayana Sekri gurgu ne, amma ni dai ban ga manomin da ya kai shi naci a gaɓar kogin Morehead ba. Abu ɗaya ke ci masa rai. A garinmu, namijin da doyarsa ba ta taɓa cika damno ba, ba ya buɗe baki a taron maza. Sekri har ya yi furfura yana zaune a baya kamar baƙo.

Mu da shida muke ƙirga. Shida sau shida fta ne, fta shida taruba, taruba shida kuwa damno, wato dubu da ɗari biyu da casa'in da shida. Darajarsa ita ce ko gida biyu za a raba wa, ko uku, ko huɗu, ko tara, kowa zai tashi da nasa daidai, ba a sa wa doya wuƙa ba.

Bara gonar Sekri ta yi kyau, ya kira masu ƙirga. Maza biyu na kwasa uku-uku suna zubewa, tsoho Abia na kiran adadi, ana buga ganga. Taruba biyar suka wuce. A ɗaukar ƙarshe da za ta cika taruba ta shida sai ganga ta yi shiru, don ɗayan mazan doya biyu ya ɗago, kuma rumbu ya ƙare.

Maembu surukin Sekri, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya fashe da dariya.

"Saura ɗaya, suruki! Wannan ko biyu ba ta rabuwa. Koma baya ka zauna, baɗi ma rana ce."

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe Maembu.

Sai na hango hayaƙi a bayan ɗaki. Nakre matar Sekri ba ta ji sosai, kuma ba ta taɓa barin baƙo da yunwa ba. Na ruga, na same ta da ƙatuwar doya a cinya, har ta fara fere ta.

"Nakre, tsaya! Ina kika samo wannan?"

"A rumbu mana, da safe. Su masu ƙirgan, iska za su ci?"

Na fizge na dawo da gudu, tana bina da wuƙa tana faɗa.

"Ai an fere ta," in ji Maembu.

Abia ya juya ta a hannu. "Kai in an yi maka aski, ka daina zama mutum?"

Ya ɗora ta a kan tsibin, ya ɗaga murya: "Damno!" Ganga ta ɓarke, ni kuwa na yi ta kuka ba kunya.

Aka raba wa dangi huɗu, kowa ɗari uku da ashirin da huɗu. Sannan Sekri ya dogara sandarsa ya wuce gaban taro. Ya ɗauki ferarriyar ya miƙa wa Maembu.

"Taka ce, suruki, an rage maka aiki. Yanzu matsa, zan yi magana."

Maembu ya matsa.