Baba Kwalba da Yaran da Muka Kora

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da lissafi a sakandare, amma ban san sunan mutumin nan na yanka ba sai ranar da aka karanto shi a taron sallamarsa. Baba Kwalba kowa ke ce masa, tun daga shugabar makaranta har mai gadi. Shi ne ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya: ya share, ya wanke kwalabe, ya jera ma'auni, ya kulle sinadarai a kabad, ya rataya makulli a wuya. Gajere ne mai sanƙo, kullum cikin farar rigar aiki wadda aljihunta ya ƙone a wuri biyu. Shi kansa a aji biyu na sakandare karatunsa ya tsaya, don haka mu masu digiri ba ma tunawa da shi sai alli ya ƙare mana.

Muna da wata dabara a makarantar, mu a dole masu wayo. Duk yaron da ya gagare mu a aji, mai barci ne, ko mai surutu, ko wanda za a tambaya ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, sai mu ce, "Tashi, je ka wajen Baba Kwalba ka yi wanki." Ni na fi kowa aikawa, ba zan ɓoye ba. A ganinmu horo ne. Sai daga baya muka gane ashe faɗuwa ce ta zo daidai da zama, yaran da gangan suke tsokanarmu don a kora su can. In yaro ya je, Baba zai miƙa masa kwalba mai zanen awo ya ce, "Cika wannan, ka juye kashi ɗaya cikin uku a waccan, ka faɗa min nawa ya rage." Yaron da ya kasa rabawa a allona sai ga shi yana rabawa da ruwan famfo, har yana gardama.

Da ya yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya, mun ɗauka zai je ya miƙe ƙafa ne. Ina! Ya gyara wani tsohon gareji a gefen gidansa, ya sa dogayen tebura biyu da famfo, ya tara matattun fankoki da agogunan bango da batura, sannan ya bi gida-gida yana neman yaran da makaranta ta sallama don sun faɗi jarrabawa sau biyu. Da labarin ya iso ɗakin malamai mun sha dariya. Ni ce ma na ce, "Wanda bai gama ba zai koyar da waɗanda suka kasa, makaho ya ja makaho ke nan." Da bakina na faɗa, kuma an tafa min.

Ba a rufa shekara biyu ba abin ya zo kan Auta.

Auta ita ce 'yata ta huɗu, lokacin shekararta goma sha shida. Yayyenta uku sun wuce sakandare ba tare da na ko ɗaga murya ba. Ita kuwa in aka yi mata tambaya sai ta yi shiru, leɓenta na motsi, kafin maganar ta fito malami ya wuce kan na gaba. A takarda ma haka, tambaya goma ta amsa uku, ukun duk daidai, lokaci ya ƙare. Ta maimaita aji huɗu, ta sake faɗuwa. Shugabar makaranta ta kira ni ofis tana ta juya biro a hannu, ta rasa ta inda za ta fara gaya wa malamar lissafi cewa an sallami 'yarta. Ranar Auta ta dawo gida ta ninke kayan makarantarta, ta kai wa 'yar maƙwabta, ta ce min, "Mama, na gama." Wata uku ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Na sani in ba a yi mata rajistar jarrabawar kammala sakandare ba, karatunta ya ƙare ke nan, kuma na ga alamar ita ma ta yarda daƙiƙiya ce. Wannan ya fi komai ci min rai.

Babanta, direban motar asibiti ne, ba mai yawan magana ba, shi ya ce, "Ki kai ta wajen Baba Kwalba."

Na ce, "Wajen mai wankin kwalabe?"

Ya ce, "Ke da kika iya koyarwar, shekara nawa kina koya mata a gida?"

Kwana biyu ina kumbure-kumbure, a na uku na sa Auta a gaba muka tafi.

Mun tarar da yara goma a tsaye kewaye da tebur, sun farke fanka suna ƙirga zagayen waya. Huɗu daga cikinsu ni na taɓa korar su daga aji, suka gan ni suka haɗiye dariya. Baba ya tarbe mu da fara'a kamar bai taɓa jin abin da na faɗa ba, ko da yake na san ya ji, don ɗakin malamai ba ya riƙe sirri. Ya ba Auta kujera, ya zauna a gabanta ya ce, "'Yata, a cikin karatun nan wanne ne ya fi ba ki wahala?"

Na ce, "Lissafi ne, Baba, da Turanci."

Ya ce, "Malama, ita na tambaya." Ya juya gare ta. "In an yi miki tambaya, kina sanin amsar ko ba kya sani?"

Auta ta fara motsa baki. Na ce, "Tana sani, saurin faɗa ne ba ta da shi."

Sai mutumin nan ya miƙe, ya ɗauko wata robar wanki cike da kwalabe, ya ɗora min a hannu, ya nuna min famfo a can ƙurya. Ya ce, "Malama, a taimaka mana da waɗannan. A ɗauraye sau uku."

Yaran nan suka tuntsire da dariya, har wani ya riƙe ciki. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma na je, na naɗe hannun riga, na fara wanki, kunnena yana bayana. Baba ya maimaita tambayarsa sau ɗaya, ya yi shiru. Ɗakin duka ya yi tsit, ba wanda ya yi tari, ba wanda ya ce "yi sauri mana". Na duba agogon hannuna, minti ɗaya ya wuce, na biyu ya kusa. Can na ji muryar Auta, ƙasa-ƙasa: "Ina sani. Sai na jera ta a kaina tukuna. Kafin in gama jerawa an wuce."

Baba ya ce, "To, nan ba a wucewa."

Dokarsa ke nan, kuma ita kaɗai ce a rubuce a bangon garejin: ba a amsa wa wani, ba a ƙarasa wa wani magana. Sauran tsarin nasa duk a aikace yake. Yaro ba ya taɓa biro sai hannunsa ya yi abin, ya auna, ya yanka, ya haɗa, ya ɓata, ya sake. In ya ce ya gane, sai a tura shi ƙofar gida wajen Inna, matar Baba, wadda ke sayar da zare da maɓallai kuma ba ta taɓa shiga aji ba. Sai ya yi mata bayani har ta gamsu. Inna kuwa ba ta da sauƙi. Na taɓa ji tana ce wa wani dogon yaro, "Kai, ni ban gane wannan surkullen ba, koma ka sake shiri." Kwana uku a mako suna gareji, kwana biyu kuma kowa yana wajen mai sana'a. Baba ya kalli yadda Auta ke riƙe ƙaramin sukurdireba, ya kai ta shagon wata mai gyaran tabarau, inda rashin gaggawa shi ne abin da ake nema.

Wata rana na je ɗaukar ta, na daure na ce masa, "Baba, na yi maganar da ba ta dace ba a kanka." Ya yi dariya har sanƙonsa na ƙyalli. Ya ce, "Malama, ku kuna da yara sittin da minti arba'in, ni ban ga laifinku ba. Ni ina da goma sha ɗaya da yini guda. Ba ilimi na fi ku ba, lokaci na fi ku." Na so ya zage ni, da ya fi min sauƙi.

Bayan shekara ɗaya da rabi maganar rajista ta taso. Tunda garejin ba makaranta ba ce a takarda, ofishin ilimi ya ce zai turo jami'ai biyu su gwada yaran baki da baki, ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gamsar da su a sa sunansa cikin masu rubuta jarrabawa daga waje. Wanda bai gamsar ba, sai wata shekara, in ma an sake zuwa. Baba ba shi da takardar koyarwa, don haka aka ce ba zai shiga ɗakin ba, amma uwa ko uba na iya zama a gefe. Aka yi abin a wani ofis mai tebur ɗaya da fanka mai ƙara, da safe ƙarfe goma.

Auta ce ta bakwai. Kafin a zo kanta jami'an sun gaji, babban cikinsu sai duba agogo yake. Ya karanto mata tambaya a kan tankin ruwa mai famfo biyu, ɗaya na cikawa ɗaya na zubarwa. Ni tun kafin ya rufe baki na san amsar. Auta ta yi shiru. Leɓenta ya fara motsi. Jami'in ya ƙwanƙwasa biro a tebur, ya kalli abokin aikinsa, ya kai hannu zai juya takarda. Wallahi ban san lokacin da na gyara zama na buɗe baki ba, zan ce masa yarinyar ta sani, tsoro ne kawai.

Auta ta juyo ta ce, "Mama, don Allah ki jira ni a waje."

Sannan ta dubi jami'in ido cikin ido ta ce, "Yallaɓai, na san hanyar. Ina ɗaukar lokaci ne kafin in faɗa. A ba ni minti biyu."

Mutumin ya ajiye biron. Ni kuwa na ɗauki jakata na fita.

Baba yana zaune a benci a baranda, ya cire hula yana murza ta a hannu. Na zauna kusa da shi. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Muka ji shiru, dogon shiru, sai ƙarar fanka. Can muryar Auta ta taso, a hankali, jimla bayan jimla, tana bayanin abin da ke shiga da abin da ke fita a minti guda. Jami'in ya jefo wata tambayar, aka sake shiru, ta sake amsawa. Ya ƙara ta uku. Tunda na haifi yarinyar nan ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka a gaban baƙo ba. Hawaye suka zubo min, ban ko share ba, kuma ban ji kunyar kowa ba. Alfahari nake da ita, ina kuma alfahari da gajeren mutumin da ke gefena.

Baba bai dube ni ba. Ƙasa yake kallo, ya ce, "Ni ma haka nake, Malama. A aji biyu malaminmu ya ce in daina ɓata wa iyayena lokaci. Na san amsoshin nan, wallahi na sani. Minti biyu kawai nake nema."

Na riƙe bakina, kuma wannan karon daidai na yi.

Cikin goma sha ɗaya an karɓi tara, har da Auta. Muna ta murna a baranda, iyaye suna rungumar 'ya'yansu, Baba ya karɓi takardar ya bi sunayen da yatsa, ya nemo biyun da ba su samu ba suna raɓe a bakin matakala. Ya dafa kafaɗunsu ya ce, "Gobe ƙarfe takwas, kada wanda ya makara. Fankar nan ba ta gyaru ba tukuna."

An ce kowa ya kawo ƙananan hotuna biyu washegari don katin jarrabawa. Daga ofishin muka zarce shagon mai hoto ni da Auta. Ya zaunar da ita gaban farin ƙyalle, ya ɗauka, ya ce, "Guda biyu ko?"

Auta ta ce, "Uku."

Na ce, "Biyu fa suka ce."

Ta ce, "Na sani, Mama. Ɗayan na Baba ne. Shi bai taɓa samun katin jarrabawa ba, ya riƙe nawa hoton."