Ganyen da Ya Kusa Kashe Mini Kyauta

Bazarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko, wata Laraba da hantsi, na tarar da tunkiyata Kyauta tana karkarwa a turke kamar mai masassara. Ta yunƙura za ta zo wurina, ƙafafun suka harɗe, ta kife da baki. Kakata ce ta ba ni ita tun tana 'yar ƙanƙanuwa, ga shi tana ɗauke da cikin fari. Wayyo, ranar na yi kuka har maƙwabta suka leƙo ta saman darni.

Laifina ne kuwa. A ƙauyenmu, kusa da Kore Mairuwa, in bazara ta yi nisa ko tsinken ciyawa sai an yi faɗa a kansa. Harawarmu ta ƙare, awakin gari har tsumma suke ci. Ni kuwa da shegen rawar kai na gano wani ganye kore shar yana yaɗo a bakin busasshen tabki, da manyan furanni masu siffar mazurari. Na san irin furen nan a jikin yaryaɗi, wanda yayyena ke yankowa cikin gonar hatsi da damina, tumaki na rububinsa. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya sa garken gari ke wuce shi ko sunsunawa babu ba. Kullum aka taso lakwal sai in bar ƙawayena suna carabke, in ciko zane in kawo a ɓoye don kada wani ya gane mini wurin. Yunwa ta sa Kyauta ta yi ta ci fiye da mako guda.

Kaka ta tsinci ragowar ganyen, ta riƙe baki. "Ke Dije, wanga ai duman kada ne! Wa ya ce miki bisa na cinai?" Baba ya daɗe yana duban tunkiyar, sannan ya ce in ba ta tashi ba kafin Juma'a ta sama yanka ta zai yi, kada ta zama mushe.

Na rantse a raina wuƙar nan ba za ta hau wuyanta ba. Na bi gida-gida ina yi wa mata surfe suna bar mini dusar. Na riga awaki zuwa gindin gawo tsintar 'ya'yansa, ƙaya ta yi mini kaca-kaca da ƙafa. Safe da marece nakan zura zane ƙarƙashin cikinta in ɗaga, Kaka na ɗura mata ruwan dusa. A nan turken Kaka ta zaro busasshen yaryaɗi daga saman rumbu, ta sa na rufe ido na shafa: nasa ganyen siriri mai gashi-gashi, na duman kada faffaɗa, mai kauri da santsi. "Ɗiyan gida guda ne, su da kudaku," in ji ta. "Hure bai gaya miki komi, taɓa ganye."

Ranar Juma'a Baba ya wasa wuƙa a kan dutse ina ji. Na kai kwaryar dusa nesa da turke, na tsuguna ina kiran sunanta. Kyauta ta dafa gwiwa, ta miƙe, ta yi tangaɗi, ta tako har inda nake. Baba ya mayar da wuƙa kube. Cikin dai bai tsaya ba, ni da hannuna na binne ɗan a bayan gida.

Yau ina koyar da ilimin tsirrai a kwaleji a Dogon Dutsi. Littafi ya tabbatar da maganar Kaka: duman kada da yaryaɗi da kudaku, wato dankalin Hausa, duk jinsi guda ne, Ipomoea. Ɗalibaina suna haddace sunan tsaf daga kaye, wato littafinsu na rubutu, amma da yawansu ba su taɓa yi wa tunkiya ciyawa ba. Kaka ta daɗe da rasuwa, kuma ina kewarta ƙwarai duk ranar da muka zo wannan darasi. Shi ya sa nake zuwa aji da ganyayen biyu, in ce kowa ya ajiye biro ya rufe ido. Ni sai da na binne ɗan tunkiya na koya.