Tela Nasrullahi da darasin jini

Duk wanda ya san layin teloli a babbar kasuwar Garwa ya san Malam Nasrullahi. Tun yana saurayi yake kan keken ɗinki, in ya zauna da safe sai kiran sallah ke tashinsa. 'Yar kawunsa ya aura. Biyu cikin 'ya'yansu sun koma tun suna ƙanana, da ciwon ƙashi da kumburin hannu. Aka ce iska ce, ya yi haƙuri.

Bana kuwa zama ya gagare shi, kuma autarsa Adawiyya ce sila. Tana shirin jarrabawar bak ta kammala sakandare, ba ta iya hadda sai tana zagaya tsakar gida tana faɗa da Faransanci. Wata la'asar ta zazzage gwangwanin maɓallansa a tabarma.

"Ke, kayan sana'ata ne abin wasanki?"

"Baba, darasin gadon jini ne. Malaminmu na SVT, kimiyyar halittu, ya ce da wuya bai fito a jarrabawa ba."

Ta ba shi maɓalli fari da baƙi, ita ma ta riƙe fari da baƙi. Ta ce, "Kai uba, ni uwa, duk lafiyarmu ƙalau. Kowa ya runtse ido ya miƙo ɗaya. In baƙi ya gamu da baƙi, yaro ya zo da sikila."

"Me take yi wa yaro?"

Ta jero masa kamar mai biya allo: ciwon gaɓoɓi, kumburin yatsu, ido ya yi rawaya. Ita ba ta san yayyenta biyun nan ba, bayan rasuwarsu aka haife ta.

Ga shi an sa ranar babban ɗansa Ziyad da 'yar Yaya Salamatu, yayar Nasrullahi da suke ciki ɗaya. Yaran kuma suna son juna.

Washegari ya ɗinka hannun riga a baibai, ya warware. Ya tashi ya sha ruwa, ya zauna, ya sake tashi. Ya hau mashin har bakin gadar Binuwai, ya juyo ba abin da ya je yi. Yaya Salamatu ce ta goye shi. Da wane baki zai ce a kai 'yarta asibiti a gwada jininta, kamar wadda ake zargi?

Ya sha zuwa ƙofar gidanta ya wuce. Ran Juma'a ya daure ya yi sallama. Tana tsintar shinkafa.

"Ƙanena, ka rame. Kai ne angon?"

Ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa. Ta ajiye faifan.

"Jinin 'yata? Me ka ji an ce a kanta?"

"Ba ita kaɗai ba, Yaya. Har da Ziyad."

"In bai dace ba fa? Wa zai dubi yaran nan ya gaya musu?"

"Ni."

Ta ce, "To, Litinin. Amma da ni za a je. Kuma ka ja bakinka, kada dangin ubanta su ji tukuna."