Ranar da gwiwata ta ba ni kunya a gaban surukina

Na tsuguna ke nan zan gaida surukina jiya a Kurudu, sai gwiwata ta ce ƙas! Har surukata sai da ta leƙo daga kicin.

Na daure muka gaisa. Da aka zo tashi kuwa, jama'a, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Na yunƙura, na koma. Ga shadda ta sha guga, ga gumi yana keto min.

Baba tsohon malamin motsa jiki ne, gashi duk furfura. Shi ya miƙo hannu ya ɗaga ni, dariya na cinsa.

"Baban Ilham, yaushe rabonka da tsuguno?"

Na ce, "Wallahi Baba, daga motar Kubwa sai kujerar ofis, daga kujera sai mota."

Ya ce, "To ai shi ne. Gwiwa lanƙwashewa da miƙewa ne babban aikinta, kamar ƙyauren ƙofa. Tsokar cinya ce ke jan ƙashin, ƙugu da idon sawu su kama mata. Kai ka bar su suna barci, yau ka tashe su ba sallama."

Sai ya tsuguna ya miƙe a gabana, da kofin shayi a hannu, ko ɗigo bai zuba ba.

Matata ta yi min dariya har gida. Yau da safe na kulle ɗaki, na dafa bango, ina ta tsuguna-tashi. Sallah na tafe, kuma dangin matata suna da yawa.

Kafin ku yi min dariya, ku tsuguna yanzu ku tashi ba dafa komai, sannan ku zo ku faɗa min gaskiya.