Tambaya ta Huɗu da Sa-Hannu Bai Taɓa Yi Ba

A asibitin masu taɓin hankali kowa Sa-Hannu yake ce masa. Shekara tara ke nan yana zagaya ɗakunan da ake kullewa, da biro ɗaure da zare a wuya, yana neman marasa lafiya su yarda a saka su cikin binciken likitoci. Yawancinsu ba da son ransu aka kawo su ba, saboda haka sai ya karanta musu takardar, ya yi musu tambaya uku: binciken mene ne, me za a yi maka, kana da ikon ƙi? Shi kansa abin dariya yake ba shi. Mutumin da kullum sai matarsa ta nuna masa tabaran da yake nema a kan hancinsa, wai shi ne mai auna hankalin jama'a.

Ran nan saura mutum ɗaya ya cika arba'in, likitar da ke jagorantar binciken kuma ta ce in makon ya ƙare bai cika ba, wani za ta ba aikin. Ya zauna da wani tsohon tela da ɗansa ya kawo wata biyu da suka wuce. Tsohon ya amsa ukun tiryan-tiryan, har da gyara masa inda ya tsallake layi.

"Kawo biron, ɗana," in ji tela. "Na lura masu sa hannu ake sallama. Ina so in koma kan kekena."

Sa-Hannu ya miƙa masa biron. Bai taɓa tambayar kowa dalilin yardarsa ba. Kuma gwanin naka ya tsaya tuna fuskar likita, har bakin biro ya taɓa takarda. Kunya ce ta buɗe masa baki.

"Baba, wannan takardar ba ta buɗe ƙofa. Ko ka sa ko ka ƙi, ranar fitarka ba za ta canza ba."

Tela ya miƙo masa biron.

"To ban yarda ba. Maɓallin rigarka ya kusa faɗuwa, da sun bar mini allura da na ɗinke maka."

Sa-Hannu ya rubuta: ya fahimta, ya ƙi. Daga nan ya koma ofis, ya jawo takardun mutum talatin da taran nan, ya fara duba su waye har yanzu suke kwance.