Karan Awon Kabari

Na daɗe ina haƙa kabari a Kpakungu, tun ina da ƙarfin ɗaga diga ba tare da na tsaya huci ba. A wurinmu, in an yi rasuwa, ana gwada tsawon mamaci da karan dawa, a ba wani maƙwabci ya kawo mana. Masu gawa ba sa kawowa da kansu. Su suna gida suna karɓar gaisuwa.

Wata damina katanga ta sha ruwa ta faɗo wa wata yarinya tana wasa. Da hantsi sai ga ubanta da kansa a maƙabarta, riƙe da kara. Matashi ne mai tuƙa keke mai ƙafa uku, ba ya wuce ni bai gaishe ni ba. Karan bai kai min ƙugu ba.

Na miƙa hannu, ya ƙi saki.

"Baba, kai ka fi kowa ganin wannan abu. Me ta yi? Mai katangar yana can lafiya lau. Idan Allah yana gani, me ya sa? In ba ka faɗa min ba, wallahi ba zan tsaya a sallarta ba."

A da, da na ce masa kul, kada ka yi saɓo. Na faɗa wa mutane da yawa haka, suka yi shiru, ni kuma na ɗauka na taimake su. Wasunsu ban ƙara ganinsu a masallaci ba.

Karatuna bai yi nisa ba. Na ce, "Ɗana, ban sani ba. Ni ma na tambaya, ba a ba ni amsa ba. Ban daina salla ba, ban kuma daina tambaya ba. Bayana na ciwo, ƙasar nan kuma ta jiƙe, ta yi nauyi. Kama min shebur."

Sai ya shimfiɗa karan a ƙasa da hannunsa, na ja layi. Muka haƙa. Ramin bai ɗauke mu lokaci ba, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Da aka fito da ita, na shiga sahu a gajiye. Liman ya yi kabbara ta farko, ta biyu. Kafin ta uku na ji kafaɗa ta taɓa tawa, ashe uban yarinyar ne, laka duk a rigarsa. Bakinsa bai motsa ba har aka sallame. Amma ya tsaya.